Kiristanci Daga Antakiya Zuwa Kaduna

Kiristanci shi ne addinin masu bin Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryam. Mabiyansa a yau sun haura biliyan 2, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, kuma kimanin rabinsu 'yan ɗarikar Katolika ne. Mai hange daga nesa yakan ɗauka duk tafiyarsu ɗaya ce, coci dai coci ne. Amma mutumin Tudun Wada a Kaduna, in ya zaga Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha da safiyar Lahadi, zai ga alluna barkatai: Katolika, Angilikan, Baftis, ECWA, HEKAN, COCIN, EYN, Kerubim da Serafim, Living Faith, Deeper Life. Kowane allo da lokacin da aka kafa shi da kuma dalilinsa. Wani tarihinsa ya koma har zamanin daular Rum, wani rigimar sarakunan Turai ce ta haife shi, wani kuwa ya samo asali daga yadda 'yan mishan suka raba ƙasar Arewa a tsakaninsu kamar masu rabon gonar gado.

Addinin ya taso a Falasɗinu a ƙarni na farko, lokacin tana hannun Rumawa. Almajiran farko Yahudawa ne, suna zuwa haikalin Urushalima, suna kiyaye Attaura. Abin da ya ware su daga 'yan'uwansu shi ne imanin cewa Yesu ne Almasihun da aka alkawarta, an gicciye shi, ya kuma tashi daga matattu a rana ta uku. Nan ce kuma mararrabarsu da Musulmi, domin a aƙidar Musulunci ba a gicciye Annabi Isa ba, ɗauke shi aka yi, kuma manzo ne, ba ɗan Allah ba.

Saɓanin cikin gida ya fara tun manzannin suna raye. Wanda ba Bayahude ba, in ya karɓi bishara, dole ne a yi masa kaciya ya bi dokokin abinci na Yahudawa? Bulus mutumin Tarsus ya ce ba dole ba ne, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49. Ba don wannan hukunci ba, da wuya addinin ya wuce ƙaramar ƙungiya a cikin Yahudanci. A Antakiya, wadda ke ƙasar Turkiyya a yanzu, aka fara kiran su Kirista. Daga can bishara ta bi hanyoyin da Rumawa suka shimfiɗa domin sojojinsu, ta shiga jiragen fatake, cikin harshen Girkanci da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, har ta kai Iskandariyya da birnin Rum.

Rumawa ba su damu da yawan abin bauta ba, amma ba sa ƙyale wanda ya ƙi yi wa sarki hadaya. Sarki Nero ya ɗora wa Kirista laifin gobarar da ta ci Rum a shekara ta 64. Tsanani mafi muni ya zo a 303, aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai. Shekara goma kacal bayan haka, a 313, Sarki Konstantin ya ba su 'yancin ibada, kuma a 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin daula.

Gardamar malamai

Da aka samu sarari sai gardama ta fito fili, kuma kusan dukkanta a kan tambaya ɗaya take: wane ne Yesu? Wani limami a Iskandariyya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Konstantin, wanda haɗin kan daularsa ya fi damunsa a kan ilimin tauhidi, ya tara bishop-bishop kimanin 300 a garin Nikiya a 325. Taron ya yi watsi da Ariyus, ya tabbatar cewa Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne. Wannan ne ginshiƙin koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shaidar bangaskiyar da aka fara tsarawa a Nikiya har yau ana karanta ta a majami'un Katolika da Angilikan na Kaduna.

Taron Afisa na 431 ya hukunta Nastur, bishop na Konstantinoful, saboda ya ƙi a kira Maryam uwar Allah. Ikilisiyar ƙasar Farisa, wadda ba ta bi wannan hukunci ba, ta kama gabanta, kuma ta yi nisa ƙwarai, domin masu wa'azinta sun kai ƙasar Sin a 635. Taron Kalsidon na 451 ya ce Yesu ɗaya ne amma ɗabi'arsa biyu, ta Allahntaka da ta ɗan Adam. Kiristocin Masar da Habasha da Armeniya da ɗimbin na Sham suka ƙi wannan lafazi, suka ce ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya. Ba tauhidi ne zalla a ciki ba, har da gajiya da mulkin Konstantinoful da takamar manyan birane a kan juna. Ko ma dai mene ne, ɓarakar ta haura shekara 1,500 ba ta ɗinke ba.

Mutane da yawa sukan ɗauka Turawan mulki ne suka kawo Kiristanci Afirka. Gaskiyar magana ya kafu a nahiyar tun kakannin Ingilishi da Jamusawa suna bautar gumaka. Tertuliyan da Sifiriyan mutanen Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Agustin, wanda Katolika da Furotesta duka suke kafa hujja da shi, bishop ne na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya rasu a 430. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin a ƙarni na 4, kuma daga cikin magadan wannan sarauta ne Najjashin da ya sauki Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha wajen 615. Masarautun Nuba, a Sudan ta yau, sun zama Kirista a ƙarni na 6, suka ƙulla yarjejeniya da Musulmin Masar a 652 wadda ta yi kusan shekara 600 tana aiki. Ikilisiyar Kartaj ta ɓace sannu a hankali bayan zuwan Musulunci, ta Nuba ta shuɗe wajen 1500, amma Kibɗawan Masar da Habashawa suna nan da addininsu.

Rabuwa ta gaba tsakanin Gabas da Yamma ce. Rum tana ibada da Latin, Konstantinoful da Girkanci. Paparoma yana ganin shi ne magajin Bitrus almajirin Yesu, shugaban kowa da kowa, su kuma na Gabas suna ɗaukarsa babban wa a cikin tsara. Aka ƙara da saɓani a kan wata kalma da Yamma ta saka cikin shaidar bangaskiya, har da gardamar ko gurasar Jibin Ubangiji za ta kasance mai yisti. A 1054 wakilin Paparoma da shugaban ikilisiyar Konstantinoful suka kori juna daga zumunci. Abin da ya ƙarasa lalata lamarin shi ne ganimar da mayaƙan gicciye na Yamma suka ci a Konstantinoful a 1204. Daga nan aka samu Katolika a Yamma da Otodoks a Girka da Rasha da maƙwabtansu. Sai a 1965 aka janye waccan kora, ba tare da an koma inuwa ɗaya ba.

Luther da abin da ya biyo baya

A 1517 wani Bajamushe malamin jami'a, Martin Luther, ya fitar da batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun gafara, waɗanda ake tara kuɗinsu domin ginin majami'ar Bitrus a Rum. Gardamar ta zarce kan kuɗi ta kai ga tushe. Luther ya ce ceto ta bangaskiya kaɗai ake samunsa, kuma Littafi Mai Tsarki ne hujja ta ƙarshe, ba Paparoma ba. An yi masu irin wannan magana kafinsa, aka ƙone Jan Hus da ransa a 1415. Abu biyu suka ceci Luther: injin ɗab'i da ya baza rubuce-rubucensa, da sarakunan Jamus masu son zare wuyansu daga Rum.

Sai dai in aka ce kowa ya buɗe littafi ya karanta da kansa, fahimta ba za ta zo ɗaya ba. Tun a 1529 Luther ya saɓa da Zwingli na Suwizalan a kan ma'anar Jibin Ubangiji. Mabiya John Calvin na Janeba suka ɗora mulkin ikilisiya a hannun dattawa maimakon bishop. A Ingila ba aƙida ce ta fara kawo rabuwa ba: Sarki Henry na 8 ne ya nemi a warware aurensa, Paparoma ya ƙi, sai a 1534 majalisa ta naɗa sarkin shugaban ikilisiyar ƙasarsa. Asalin Angilikan ke nan. Baftis suka ɓullo a 1609 da koyarwar cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya mallaki hankalinsa ya furta da bakinsa. Metodis suka fito daga cikin Angilikan a ƙarni na 18 ta hannun John Wesley. Katolika ta mai da martani da taron Trent daga 1545 zuwa 1563, ta gyara gidanta, ta kuma ƙara ɗaure koyarwarta. Turai ta biya kuɗin wannan rabuwa da jini, musamman a yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648.

Sawun wancan zamani yana nan a fili. Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne a ciki, na Furotesta 66. Fada ba ya aure, fasto yana yi. Ɗan Katolika yana roƙon Maryam da tsarkaka su yi masa addu'a, ɗan ECWA ba ya yarda da haka ko kusa.

Shigowa Nijeriya

Turawan Fotugal sun kai addinin Benin da Warri tun ƙarni na 15 da na 16, amma bai wuce fada ba, ya kuma dusashe. Ta hamada ma an gwada. Wasu limaman Katolika biyu sun taso daga Tarabulus a 1710, suka biyo ta Agadas, ajali ya riske su a Katsina a 1711 ba su bar mabiyi ba.

Shigowar da ta kama ƙasa ta ƙarni na 19 ce, kuma bayin da aka 'yanta aka sauke a Saliyo su ne ƙashin bayanta. Metodis da ƙungiyar CMS ta Angilikan sun sauka Badagry a 1842, Firesbiteriyan a Kalaba a 1846, Baftis na Amurka a 1850, Katolika a Legas a shekarun 1860 da Onitsha a 1885. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama yana yaro aka sayar, ya zama bishop a 1864. Abokin tafiyarsa a kogin Neja a 1841, Bajamushe J. F. Schön, shi ya duƙufa kan Hausa. Da taimakon Dorugu, yaron da ya bi wani Bature matafiyi mai suna Barth zuwa Turai, ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Wani yanki mai yawa na tarihin rubutun boko daga wannan aiki ya faro.

Arewa ta yi wa 'yan mishan wuyar shiga. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin da Arewa take ciki a lokacin. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ne ya rayu ya kafa ƙungiyar SIM, wadda ta samu gindin zama a Patigi a 1902. A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya kai tawaga har Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Da Turawa suka ci ƙasar, Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Ba don ƙaunar Musulunci ba ne. Mulkinsa a kan sarakuna ya dogara, ba ya son abin da zai tayar da ƙura. Sakamakon haka aka tsare 'yan mishan daga biranen masarautu, aka sake musu ƙasashen ƙabilun da ba su musulunta ba.

Zariya ce ta fita daban. Likita Walter Miller ya zauna cikin birni daga 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana magani yana koyar da yara. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi. Isawa zuriyar almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da aka kashe a ƙarni na 19 saboda fifikon da yake ba Annabi Isa a karatunsa. An kafa musu ƙauye a Gimi, cutar barci ta watsa shi. A 1929 mishan ya koma Wusasa a bayan ganuwa, aka gina majami'ar Bartalamawus da ƙasa, ginin Hausa sak. Wusasa ƙaramar unguwa ce, amma ta fitar da Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma jigo a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East. A can Yakubu Gowon ya tashi. Miller ne kuma jagoran fassarar Littafi Mai Tsarki cikakke zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. Sauran masarautu sai a shekarun 1930 suka buɗe ƙofa kaɗan, ta hanyar asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A Nijar ma SIM ta zauna Damagaram da Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

Rabon ƙasa

Mafi yawan sunayen majami'un Arewa daga rabon ƙasa suka fito. Ƙungiyoyin Furotesta sun zauna a Lakwaja a 1910, daga baya a Miyango, suka amince kada wani ya shiga gonar wani. SIM ta kama Kwoi a 1910, sannan Kagoro da sauran kudancin Zazzau, har zuwa Tangale. 'Ya'yanta ne suka zama ECWA a 1954. Ƙungiyar SUM, wadda Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, reshe-reshe take. Reshen Ingila a Filato ya haifi COCIN. Reshen Denmak, wanda ya sauka Numan a 1913, ya haifi Lutheran ta Adamawa. Turawan Afirka ta Kudu suka shiga ƙasar Tibi a 1911, aka samu NKST. Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka ta kafa sansani a Garkida a 1923, ita ce uwar EYN ta mutanen Bura da Margi da Cibok. Katolika, wadda ba ta cikin yarjejeniyar, ta fara daga Shendam a 1907.

Abin da wannan ke nufi shi ne Babacame ya zama ɗan Lutheran, Angas ɗan COCIN, Jaba ɗan ECWA, ba don kakansa ya zauna ya auna hujjojin Luther da na Calvin ba. Baturen da ya fara isa ƙauyensu ne ya zaɓa masa. Ɗarika ta zama kamar tsagen fuska, ana iya gane garin mutum daga cocin da yake zuwa.

Abin da ya haɗa su kuwa Hausa ce. Harsunan yankin sun fi ƙarfin 'yan mishan, sai suka rungumi Hausa a makarantun Littafi Mai Tsarki irin na Kagoro da Gindiri. Da ita ake wa'azi, da ita ake rera Littafin Waƙoƙi, da ita Zumuntar Mata take taro. Kalmomin ibadar ma na gida ne: Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, zunubi, tuba, alheri, albarka. Haka sunaye irin su Bitrus da Bulus da Ishaya da Rifkatu da Saratu. Ikilisiyoyin SUM da na 'Yan'uwa da suka haɗa tarayya a 1955 suna na Hausa suka raɗa mata, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu ake kira TEKAN. Masu bishara 'yan ƙasa, ba Turawa ba, su ne suka yi mafi yawan aikin shiga ƙauyuka, har zuwa cikin Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau, inda da yawa suka karɓi addinin daga shekarun 1970.

Kaduna

Kaduna sabon gari ne, ba ganuwa, ba tsohuwar fada. Lugard ne ya zaɓi wurin, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma jirgin ƙasa ya mai da garin mahaɗa. An tsara zama irin na Kano da Zariya: Turawa a unguwarsu, Sabon Gari domin 'yan Kudu, Tudun Wada domin 'yan Arewa masu zuwa neman abinci. Majami'un farko na akawuna ne da ma'aikatan reluwe, ana sujada da Turanci da Yarabanci da Ibo. Baftis ta biyo 'yan kasuwar Yarabawa, musamman na Ogbomoso. Angilikan ta kafa dayosis ɗin Arewa a Kaduna a 1954, Katolika ta ɗaga Kaduna zuwa mazaunin akbishop a 1959. Makarantunsu sun yi suna kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970. Kwalejin Rimi ta yau ita ce St. John's ta da, Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles.

Kiristoci masu jin Hausa sun yawaita ne ta hanyar aikin soja da ɗan sanda, sannan masaƙun Kakuri daga 1957. Labarin HEKAN daga nan ya faro, kuma yana da ban sha'awa. 'Ya'yan ikilisiyoyin tarayya da suka taru a Kaduna daga Filato da Adamawa da Binuwai da Borno sun ga ba dalilin kowa ya gina nasa ɗaki, suka haɗu a sujada ɗaya. Sunan ma ya faɗa: Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Da tafiya ta yi nisa, iyayen ikilisiyoyin suka zo suka buɗe rassansu a Kaduna, HEKAN ta zama ɗarika mai zaman kanta da hedikwata a garin. Majami'ar da aka gina don gudun rarrabuwa sai ta ƙara allo ɗaya a kan na da.

Ficewar Ibo a 1966 ta bar bencina wayam a majami'un Katolika da Angilikan, ta kuma gaggauta miƙa ragama ga 'yan Arewa. Taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya riga ya halatta yin ibada da harshen gida maimakon Latin. Peter Jatau ya zama akbishop ɗan ƙasa na farko a Kaduna a 1975, kuma a Fabrairun 1982 Paparoma John Paul na 2 ya zo garin ya naɗa sababbin limamai.

Akwai kuma majami'un da ba Bature ne ya kafa su ba. 'Yan Aladura masu fararen riguna, irin su Kerubim da Serafim da aka kafa a 1925, sun taso a ƙasar Yarabawa da addu'ar warkarwa da wahayi. Sai guguwar Fentikos, wadda ake jingina farkonta da wani taro a Los Angeles a 1906, mai ba da ƙarfi ga baiwar Ruhu Mai Tsarki da magana da harsuna. A Nijeriya ta kama ɗaliban jami'a a shekarun 1970. Deeper Life ta W. F. Kumuyi ta fara a 1973 a matsayin zaman nazari a Legas. Living Faith ta David Oyedepo a Kaduna ta kafu a 1983 kafin hedikwatarta ta koma Kudu, inda ta gina majami'a mai cin mutum 50,000 a Ota. Durƙushewar tattalin arziki da mutuwar masaƙu sun ba wa'azin buɗi da arziki kasuwa. Tsofaffin majami'u suna sukar wannan salo, suna kuma kwaikwayon kiɗansa don kada samarinsu su tsere. Saɓani mafi sabo a kan auren jinsi yake: Angilikan ta Nijeriya ta yanke hulɗa da takwararta ta Amurka bayan 2003, kuma rigima irin wannan ta tsaga Metodis ta Taraba a 2024.

Inuwa ɗaya, gari biyu

Siyasa ta yi abin da tauhidi ya kasa. Ƙungiyar Kiristocin Arewa ta kafu a 1964, lokacin da Sardauna yake rangadin musuluntarwa. A 1976 aka kafa CAN ta ƙasa baki ɗaya, wadda yanzu take da rukuni biyar: Katolika, tsofaffin majami'un Furotesta, 'yan Fentikos, majami'un da 'yan Afirka suka kafa, da TEKAN haɗe da ECWA. Waɗanda ba sa cin Jibin Ubangiji tare suna zama teburi ɗaya in za a yi magana da gwamnati.

Rikicin Kafanchan na 1987 ya fantsama har Kaduna da Zariya, haka na Zangon Kataf a 1992. Mafi muni shi ne na shari'a a Fabrairu da Mayun 2000, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci aƙalla mutum 2,000. Kafin wannan, Tudun Wada unguwa ce da ake samun Musulmi da Kirista a gidan haya ɗaya, suna cin kasuwar Barci da Panteka tare, 'ya'yansu suna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tare. Bayansa aka yi ƙaura ta ɓangare biyu. Kiristoci suka tattara zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi da Gonin Gora, Musulmi suka cika Tudun Wada da Rigasa da Kawo, har mutanen gari suka riƙa kiran ɓangarorin Makka da Urushalima.

Daga cikin wannan wuta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fito. Dukansu sun jagoranci matasa a faɗan 1992. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun sasanta a 1995, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, wadda ta taimaka aka samu shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke, ya ci mutum kimanin 250. Jihar ta samu gwamna Kirista na farko da ya hau ta farar hula, Patrick Yakowa, a 2010, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012. Taswirar unguwannin dai ba ta koma yadda take ba. Har yau mai neman haya a Kaduna yakan fara tambayar su wane ne a unguwar kafin ya tambayi kuɗin ɗaki.